Goron Dakta Ummaru

Shekara bakwai ke nan da muka kai Dakta Ummaru makwancinsa a Jega, amma har yau in na ga mai tallan goro sai na tsaya na saya, ni da ba na cin goro. Shi ma, Allah Ya jiƙansa, ba ya son shi. Aiki ne ya sa shi ci.

Tare muka taso, tare muka yi karatun likita, tare kuma aka tura mu ƙasar waje cikin wani rukunin likitoci domin mu koyo sabuwar hanyar koyar da ɗaliban likitanci. Hanyar ita ce a zaunar da ɗalibai kaɗan, a ba su labarin wani mara lafiya, su yi ta tattaunawa har su gano abin da ke damunsa da kansu. Malami ba ya ba da amsa, sai dai ya jefa tambaya ya ja bakinsa. Ummaru kuwa mutum ne mai surutu na ban mamaki. Malamar da ta horar da mu ta sha ɗaga masa hannu tana cewa ya bar yaran su yi numfashi. Da aka gama, sauran abokan tafiyarmu duk suka sami wurin zama a can ko a wata ƙasar. Mu biyu muka dawo.

Ba zan manta da zamansa na farko da ɗaliban da aka turo mana daga jami'ar Aliero ba. Ya karanta musu labarin mara lafiya, ya yi shiru. Su ma suka sunkuyar da kai suka yi shiru, don a gidajenmu yaro ba ya riga babba magana. Haka aka zauna ana kallon ƙasa har aka kira azahar. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai Aliero cewa Dakta ya je ƙasar Turawa ya zubar da karatunsa, yanzu sai dai ya tambayi yara. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, na gani a fuskarsa.

Sai ya ajiye labaran da muka zo da su daga waje, ya kawo na gida. Na farko labarin wani manomin albasa ne daga Kimba, an kawo shi yana gumi, yawu na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke. Ummaru ya ce, "To, mi kuka gani?" Ya jefa ɓarin goro a kunci don kada bakinsa ya riga shi. Can sai wata ɗaliba, Hadiza, ɗiyar manomi daga Maiyama, ta ɗago a hankali ta ce, "Malam, ko feshi ya yi a gona ranar nan?" Ta taɓa ganin haka ga kawunta bayan ya fesa maganin ƙwari. Wallahi ɗakin nan sai ya kaure da gardama. Ummaru na gefe yana tauna goro yana yamutsa fuska saboda ɗaci, hawaye na neman zubo masa.

Tun da ciwon hanta ya ɗauke shi, ni kaɗai nake zama da ɗaliban nan. Kaɗaicin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Babu wanda zan fito in ce wa yau yaran sun burge ni, ko yau na yi surutu da yawa. Yanzu ma kafin in rufe baki ɗalibi ya latsa waya ta karanto masa amsa. Ina yawan tunanin abin da Ummaru zai ce. Ina jin ba zai ƙwace wayar ba. Zai bari yaron ya gama, sannan ya tambaye shi ko wayar ta san abin da mutumin Fagada ke shukawa a fadama.

A bana zan yi ritaya, kuma ban san wanda zai zauna a kujerar nan ba. In babu, sai a koma wa tsohon yayi, malami na zuba yara na rubutawa, kamar Ummaru bai taɓa zuwa duniya ba.

Kwanan baya Hadiza ta zo gaishe ni. Yanzu cikakkiyar likita ce. Ta ce an zaɓe ta zuwa irin horon da muka je, a waje. Na yi murna, sai kuma gabana ya faɗi, don na san yadda ake tafiya da yadda ba a dawowa. Na ce, "Ɗiyata, za ki komo kuwa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, mi kake ganin ya dace in yi?"

Ina da amsa a bakina. Na so in roƙe ta, in tuna mata Ummaru, in ce ta dubi tsufana. Sai na sa hannu a aljihu na ɓare goro na jefa a kunci. Ashe haka yake da ɗaci.

Ta tafi. Ina nan ina jira. Allah Ya haskaka kabarinka, Ummaru.