Inna Raliya da Matan da Haihuwa Ta Sassauta

Kun gani, kuka kau da kai. Kun ga iyayenku mata suna matse cinya in tari ya taso musu, suna ta sake alwala kafin su samu salla ɗaya, kuka ce tsufa ne.

Inna Raliya, ungozomar wani ƙaramin asibiti kusa da Zagga, ba ta taɓa cewa tsufa ne ba. Kullum in an tashi daga awo, sai ta tsayar da matan da haihuwa ta sassauta wa ƙasan mara, ta tura ƙofa, ta shimfiɗa tabarmi.

A nan Bashira mai daddawa ta same ta. Tun haihuwarta ta shida fitsari ke kufce mata in ta ɗaga kwando, har ta daina cin kasuwar Lolo, alhali da ita take ciyar da 'ya'yanta. Ta sayi maganin matsi, irin wanda ake tsallakowa da shi iyaka a kwalba marar suna. Ya ƙone ta, zubar tana nan.

"Ɗiyata, wa ya ce ki cusa wa kanki wuta?" in ji Inna. "Nama ne ya saki, motsa shi za mu yi. Matse, awa tusa ta kama ki gaban surukarki."

Bashira ta tuntsire da dariya, zani ya jiƙe.

"To kin gani! Ki riƙa matsewa kafin ki dara. Saki. Yi numfashi mana, ban ce ki mutu ba."

Kafin kaka ta zagayo, 'yan kasuwa sun ga Bashira da kwandonta a ka.

Inna, ke ce mai rufin asirin mata. Ke ce kike sa wa mai saukowar mahaifa zoben roba, wadda nata ya fi ƙarfinki ki raka ta babban asibiti, ba ki ruɗe ta ba. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ga abin haushi: wata mai kamawa Inna za ta yi ritaya, kuma ba a turo ko mutum ɗaya ta koyi aikin nan ba. Masu kwalabe kuwa har da lasifika suke talla! In ta tafi, hannunsu matanmu za su koma.

Addu'a kaɗai ba ta isa godiya ba. Kai mai karatu, tashi ka sami kansilanka yau. Kada ka bar ƙofarsa sai ya faɗa maka sunan wadda za ta zauna gaban Inna ta koya.