Layin Ungozoma a Hanyar Maigatari

Muna idar da sallar asuba muka bar Gagarawa, ni da ƙanwata, za mu suna Maigatari. Zuciyata dai a gida na baro ta. Akwai matar maƙwabcina mai cikin fari, watanta ya tsaya, kuma lambata kaɗai mijinta ya haddace. Ni ungozoma ce, duk ƙauyukanmu idan naƙuda ta tashi lambar nan ake kira. Na ce masa ko tari ta yi ya buga min.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ƙosan tashar Gumel kuwa ya koma kamar ƙwayar magani. A garin muka tsaya ofishin layi, don ɗana na Kano ya aiko min waya mai shafawa, ya dame ni in mayar da layina eSIM, wanda ba shi da kati, a cikin wayar yake zaune. Ma'aikaciyar ta jera min babban kati irin na da, da matsakaici, da wani ɗan mitsitsi kamar farce. Na huɗun ba a riƙe shi, hoto waya take ɗauka ya shige. Na karanta takardarsu a hankali. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba na sa hannu a abin da ban karanta ba.

"'Yata, idan caji ya ƙare, ta ina ake zaro shi?"

"Mama, ba a zarowa."

"To lambata ta zauna a ɗan mitsitsin. Ku sa min sabon layi a cikin, in gwada."

Maigatari ranar kasuwa ce. Raƙuma, shanu, buhunan riɗi da zoɓo, manyan motoci sun toshe hanya. Muna sauka saƙo ya shigo min da Faransanci, wai Nijar na yi min maraba, ni da ban taka ta ba. 'Yan kasuwar nan layi biyu suke riƙewa, na nan da na tsallake, ɗaya a naɗe cikin takarda. Na ga dattijo da rawaninsa a durƙushe yana laluben nasa cikin yashi. Nan na yarda eSIM yana da ranarsa: ba ya faɗuwa, ɓarawo ba ya zare shi, da yatsa nake sauya layi. Wani direban babbar mota ma ya nuna min na'urar bin sawu da ke motarsa. Layinta a liƙe yake da dalma, girgiza da zafi ba sa dame shi, duk ƙasar da ya shiga yana kama sabis. Ya ce, "Ko shayi na tsaya sha, Alhaji mai motar ya sani."

A gidan suna mun ci waina da miyar taushe har muka yi nauyi. Mata suka karɓe wayata, hoto da bidiyo, kowa sai ta ga ɗaurinta.

Ta Sule Tankarkar muka biyo don in sauke ƙanwata. Muna barin garin na duba, waya ta mutu, ban ma san tun yaushe ba. Na cire ɗan kunnena, na soka a gefen wayar, kati ya fito.

"Direba, miƙo wayarka."

Ya fara waige-waige.

"Rai ne, ba hira zan yi ba!"

Ramin tasa na babban kati ne, sai na tokare nawa da kwalin ashana. Tana kunnuwa kira ya shigo. Maƙwabcina ne. Fayar matarsa ta fashe tun azahar, ƙafafunta sun kumbura, kai na sara mata, uwarsa kuma ta ce a gida za a haihu, har ta jiƙa magani. Na ce ya ba ta wayar.

"Yaya, ajiye kofin nan. Ku sa ta a keke Napep ku kai ta asibiti yanzu. In na zo na same ta a ɗaki, ni da ke ne."

Motar nan Gumel za ta tsaya, amma fasinjoji suka ce a zarce da ni Gagarawa, direba ya taka. Kafin magariba muna ƙofar asibiti. Jininta ya hau sosai, amma an kawo ta a kan lokaci. Hannuna ta riƙe har 'yar ta faɗo da kukanta. Na fito na miƙa wa direba wayarsa, ya ce ba zai karɓa ba sai ya ji me aka samu.

Abin da na koyo, kowane layi da aikinsa. Na dalma a bar wa motoci. Na cikin waya ya dace da mai tsallaka iyaka da mai wutar lantarki a gida, ni ma na riƙe nawa don hira da jikoki. Amma lambar da ake kira idan mace ta durƙusa, na faɗa wa ɗana da babbar murya, tana nan a kati, inda zan zaro ta in sa a wayar duk wanda ke kusa da ni.