Idon Inna na Jiran Gwamnati

Kawuna, yayan Inna, ya yi aikin masinja a wata kotu har ya yi ritaya, ya koma Tsafe ya kafa benci a bakin titi yana raba wa mutane ilimin da ba su tambaye shi ba. Don ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar takardu daga wannan tebur zuwa wancan, sai yake jin babu abin da gwamnati za ta ƙulla bai sani ba. Ba na ƙaunar mutumin nan, kuma na daina ɓoyewa. Shi ya zaunar da uwata tana jira har idonta ya mutu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Bungudu, inda ake hango duwatsun Kwatarkwashi. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta gaya mini inda ke mata ciwo. Haka aka yi mata, haka ta yi mini. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gusau, ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Babanmu ya rasu, ƙannena suna ɗakunan mazajensu, sai duk shawarar Inna ta koma hannun Kawu.

Shi ta gaya wa idonta na dama yana dishi-dishi, kanta yana sarawa. Shi kuwa ya ji a rediyo ana zancen wani tsari, wai inshorar lafiya, gwamnati za ta shigo cikin biyan kuɗin magani. Rabin zancen ya ji, ya ƙarasa sauran da kansa. Ya ce mata yanar ido ce, ita kuwa sai ta nuna ake cirewa, kafin ta nuna an fara tsarin, kowane tsoho kyauta za a yi masa. Kada ta sayar da tumakinta, kada ta ɗora wa yarinya nauyi. Ni ce yarinyar. Maganar ta yi wa Inna daidai, tunda ba sai ta buɗe baki ta nemi wani abu a wurin 'yar fari ba.

Damina biyu ana wannan jira ban sani ba. Duk ƙarshen wata ina zuwa da sabulu da kananzir, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon bango. Ta ina zan ga ido? Sai wata rana da tsakar rana, a gabana, ta yi karo da turmi har ta faɗi. Turmin nan tun ina yarinya a wurin yake. Na tsare ta da tambaya, ta juya ta ce da bango, "A tambayi kawunta."

Ranar na hau mota zuwa Tsafe. Na same shi a kan bencinsa, ya tara 'yan acaɓa yana yi musu bayanin mulki. Na gaishe shi iyakar baki, na tambaye shi me ya hana a kai Inna asibiti.

"Ke mi kika sani?" in ji shi. "Ni na yi aikin gwamnati tun ba a haihe ki ba. Maganin tsofaffi kyauta na, da kunnena na jiya. Ki bari a hwara."

Na ce yaushe za a fara, kuma a wane ofis? Ya ce an kusa. Wallahi da ba yayan uwata ba ne, da 'yan acaɓan nan sun sha kallo.

Na koma ƙauye na ce ba zan bar gidan ba sai da ita, ko da za a kore ni daga aiki. Kunyar a ce ta jawo mini asara ita ta ɗaga ta. Muka isa wani asibitin gwamnati a Gusau, na tsaya a tagar yankan kati na yi tambayar wauta, ina ake rubuta tsofaffin da gwamnati ke biya wa. Mai yankan katin ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce su ma a rediyo suka ji. Wata nas, Kirista 'yar kudu da ta daɗe a garin har Hausa ta zauna mata, ita ta ja ni gefe. Ta ce abin yana takarda tukuna, kuma ko an fara, da masu albashi za a soma, waɗanda za a riƙa yankar wani abu daga albashinsu. Matar manomi da ba ta taɓa karɓar albashi ba, babu wanda ya yi lissafi da ita yanzu.

Na biya kati, na biya gwaji, har auduga sai da na saya. Magani kuma suka ce babu, in tsallaka titi in je kemis. Ina tsallakawa ina tsine wa duk mai hawa rediyo ya faɗi abu kamar an gama, ya bar tsofaffin ƙauye suna riƙe da ciwo suna jiransa.

Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Na dama ya tafi. Na hagu saura ɗan kaɗan, sai an riƙa ɗiga masa magani kullum har iyakar rai. Ya ce da an zo da wuri, wannan ɗigon kaɗai da ya tsare mata su duka biyun. Kuɗin tunkiya ɗaya da ya isa sayen maganin na dogon lokaci. Na fassara wa Inna rabi, na haɗiye rabi, don ba zan iya ba.

Na riƙe ta a ɗakina a Gusau. Bayan kwanaki sai ga Kawu ya zo dubiya da lemo a leda. A tsakar gida muka haɗu, ya soma cewa ƙaddara ce, kuma ai tsarin yana nan tafe. Na shige ɗaki na bar shi ya biyo ni.

Inna na zaune a kan tabarma tana laluben carbinta. Ga carbin nan jingine da gwiwarta ta dama, hannunta yana ta wuce shi. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Tunda nake ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar.

Inna ta ɗago. "Wa ya tare min haske?"

Ya dube ni, yana jira in ce yayanki ne ya zo. Na buɗe kwalbar magani.

"Ba kowa, Inna," na ce. "Ɗaga kanki in ɗiga miki."