Malama Saude da Tukunyar da Ba a Aro

Kullum da safe, idan ta sallami maigida ya tafi gona, Malama Saude takan kwance makulli daga bakin zaninta ta nufi ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen gidanta a Kura. Tagogi take fara buɗewa. Sai ta goge teburi, ko da jiya da yamma ta goge shi. Ta ɗora wani guntun ƙarfe da ta san nauyinsa a kan sikeli, don ta tabbatar sikelin bai fara yi mata ƙarya ba. Sannan ta sa safar hannu da tabarau, ta yi bisimilla. A ɗakin nan take haɗa sabulu da man shafawa, yau shekara tara ke nan.

Na san ta tun ina ɗaliba. Shekara talatin da biyu ta yi a ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu ta 'yan mata. Ba malamar aji ba ce. Ita ce mai wanke kwalabe, mai jera kayan gwaji kafin malami ya shigo, mai kwashe su bayan mun gama ɓarnarmu. Mun sa mata suna "Kar-a-taɓa", don kalmar da ta fi yawa a bakinta ke nan. Ranar raba kyaututtuka a kira shugaba, a kira malamai, har mai gadi an taɓa kira, amma ban taɓa jin an ambaci sunanta ba.

Da ta yi ritaya, mun ɗauka za ta miƙe ƙafa ta huta. Ina! Matan unguwa ne suka hana ta sakat, ba tare da sun sani ba. Tana ganin masu zuwa dashen shinkafa suna dawowa ƙafa duk faso, masu tsinkar tumatir a Kadawa hannu duk kaushi. Abin da suke samu a kasuwa kuwa man da ba suna ba sunan mai shi, a ce yana sa haske, bayan wata biyu fuska ta yi dabbare-dabbare. Masu ƙoƙarin haɗa sabulu a gida su ma a tukunyar miya suke yi, su auna soda da gwangwanin tumatir, don mu nan komai da gwangwani muke auna shi.

Shekara guda cur ta ɗauka tana haɗa ɗakin kafin ta kaɗa sabulu ko ɗaya. Maigidanta, Malam Sada, ya kwashe buhunan takinsa daga ciki, aka yi daɓen siminti, ta sa aka fasa taga ta biyu saboda tururi. Har yau yana mita, wai ɗakin sabulu taga biyu, nasa ɗakin taga ɗaya. Sikeli ta fara saye. Sai ma'aunin zafi, da robobi masu murfi, da muciya, da 'yar takardar gwaji mai canja launi idan soda ta yi yawa. Sai wata babbar tukunyar silba, irin wadda soda ba ta ci, da ta je har Kano ta zaɓo. Man kaɗe da man kwakwa da kakin zuma a kanta ta ƙasa, soda can sama inda hannun jikoki ba ya kaiwa. A bakin ƙofa duro ne cike da ruwa mai tsabta, ba ya taɓa sauka ƙasa da wuya. Kowane abu ta ɗiga masa jan fenti, ta kafa doka guda: abin da ya shiga ɗakin nan ba ya komawa madafa.

Dokar nan ce ta kusa raba ta da Uwa.

Uwa maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya, sun fi shekara ashirin tare, ta kan katangar suke miƙa wa juna gishiri. 'Yar Uwa, Rumaisa, ta yi haihuwar fari, aka shiga shirin suna. Kowa ya san yadda muke yi: gida-gida ake bi a tattaro tukwane, kuma wadda ta hana aron tukunya ranar suna ta sayo wa kanta magana har jikoki. Uwa da ƙafarta ta je.

Ta ce, "Yaya, tukunyar nan taki ta silba nake so, miyar suna za mu yi."

Malama ta ce, "Uwa, shiga madafa ki kwashe duk abin da ke ciki, har murhun in kina so. Wannan kam ta soda ce, abinci ba ya shigarta."

"To a wanke mana! Ruwa ne ya ƙare a Kura?"

"Ko an wanke. In na ba ki yau, gobe wata ta ari ludayi, jibi wata ta ari roba, wata rana a sami mai sauri da ba ta wanke ba, ta zuba wa 'ya'yanta kunu a ciki. Ki yi haƙuri, ƙanwata."

Uwa ta juya ko sallama babu. Ranar suna, gida cike da mata, Malama na zaune a tabarma da turmin atamfarta na barka a cinya, Uwa ta ɗaga murya ta ce wasu dai boko ya mayar da su marowata, sun fi son tukunya da mutane. Aka yi dariya. Ina wurin, kuma kunya ba za ta hana ni faɗa ba: na gyaɗa kai. Malama ta ajiye atamfar, ta yi wa jariri addu'a, ta fita idonta cike da ƙwalla.

Wata bakwai Uwa ba ta amsa gaisuwarta. Abin ya ci Malama ƙwarai, har ta rame. Malam Sada ya ce ta kai tukunyar kawai a huta, ta ce in zumunci sai da wannan zai tsaya, to ta gwammace a ƙi ta da a cutu ta hannunta.

Ana nan sai Uwa ta ƙudura za ta nuna wa unguwa cewa ba sai da tabarau ake sabulu ba. Wata rana da hantsi ta ɗauko tukunyarta ta dalma, ta juye soda gwangwani uku, ta kwarara ruwa a kai. Ba ta san soda da dalma ba sa ga maciji ba. Nan take tukunya ta hau tafasa ba wuta, ta yi kumfa, ta yi tsartuwa ta watsa mata a hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ihunta ya tara matan unguwa. Wannan ta kawo manja, waccan ta fasa ƙwai, wata na cewa a barbaɗa gishiri.

Malama ta shigo da bokiti a hannu, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ture kwanon manjan ta ce, "Kar a taɓa! Ruwa kawai." Ta kama hannun Uwa tana kwarara ruwa, ta sa mata suna yi mata jigila daga duron nan nata. Uwa na kuka tana fizgewa, ita kuwa ta riƙe gam, sai da duron ya ƙare tas. Sannan ta sa ta a adaidaita suka tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta ce ba don ruwan nan ba, da sodar ta ci nama sosai.

Malama, ke ce kika yi sati uku kina shiga gidan kina dafa musu abinci, kina wanke wa Uwa kai. Na sa kunne in ji ranar da za ki ce "ai na faɗa miki", har yau ban ji ba. Ke ce kika nuna mana cewa hana abu ma wani lokaci ƙauna ce, mu ne dai ba mu iya karanta ta ba. Uwar tsabta, mai sikelin da ba ya son kai!

Da hannu ya warke, Uwa ce ɗalibarta ta farko. Yanzu matan da suka koya a wurinta sun haura arba'in, daga Kura har Bunkure da Garun Mallam. Kuma ba ta faɗa wa kowa yadda ake haɗi sai ta je da kanta ta ga ɗakin, ta ga taga, ta ga sikeli, ta ga ruwa a bakin ƙofa. In ba su cika ba, sai ta ce a kira ta in sun cika. Ina alfahari idan na shiga gidan biki na ji mata na cewa man Malama Saude ne ya kashe musu faso.

Asabar ɗin da ta wuce ɗalibanta suka yi mata walima, don idonta ya fara gaza karanta lambobin sikeli, ta miƙa wa Uwa makullin ɗakin. Ana cikin cin abinci Uwa ta miƙe, ta naɗe hannun rigarta kowa ya ga tabon. Ta ce, "A gaban mata na kira Yaya marowaciya, to a gaban mata nake janyewa. Hannun nan da kuke gani, ita ta bar min shi. Yaya, ki yafe min." Malama ta rufe fuska da mayafi, sannan ta miƙa hannu ta jawo Uwa jikinta.

Mun gode, Malama. Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya saka miki da gidan Aljanna. Ku kuma 'yan uwana masu son shiga wannan sana'a, ku fara da ɗaki kafin haɗi, kuma ku koyi cewa a'a ko da wadda ke tsaye a ƙofa aminiya ce.

Uwa ta sauke nata nauyin a gaban jama'a. Saura mu da muka yi dariya a gidan sunan nan muka yi shiru shekara da shekaru. Ni dai ga nawa a rubuce, Malama: ina cikin waɗanda suka gyaɗa kai, ki haɗa da ni a yafiyar.