Muryar da Ta Kira Ni Daga Rijiya

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce ta zo mu ji ta.

Shekaranjiya ɗana ya kai ni kasuwar Al Ras, a nan birnin da muke zaune a ƙetare, inda yake sayen kayan da yake turawa Kano a kwantena. Muna shiga wani sito, warin atamfar da ta daɗe a ƙulle ya buge ni. Yana ta cewa yalla Hajiya mu wuce, ni kuwa na tsaya ina shaƙa. Warin rigar Baba ke nan.

Kakana yana da masauki a wani ƙauye na bakin iyaka, ya gada tun zamanin fatake masu jakuna. Ɗakunan ƙasa bakwai, da turke, da rumfar da baƙi ke shan fura suna hira. Bayan katanga, cikin sarƙaƙiya, akwai rijiyar da ta ƙafe. Duk baƙon da ya sauka, kafin ya ajiye ludayi Kaka ya ba shi labarinta. Wai wani ɗan fasa-ƙwauri ne abokan tafiyarsa suka kashe suka jefa ciki, fatalwarsa tana nishi, tana kiran mutane da sunayensu, wanda ya amsa ba ya ganin damina ta gaba. Mu yara an hore mu, in mun ji mu toshe kunne mu nemi tsari. Ko 'yan kwastan ba sa zagawa wajen.

Ashe Kaka ne ya ƙaga labarin. Lungu ya haƙa a cikin rijiyar, can ake ɓoye dilolin atamfar da aka tsallako da su. Jefi-jefi yakan je ya yi nishi cikin tulu, don kada labarin ya mutu. Daga shi sai Baba suka sani. Ko Inna ba a gaya mata ba.

Wata damina Kaka ya tsallaka iyaka. Washegari Baba ya ce wa Inna zai bi shi. Kafin ya kama hanya sai ya sauka rijiyar a ɓoye ya duba ko ruwa ya taɓa kayan. Ƙasa ta jiƙe, gefen rijiyar ya rufto masa a ƙafafu.

Da hantsi ina shanyar kuɓewa a bayan ɗaki na ji an kira sunana, da muryar da na sani. Na ruga wurin Inna. Ta tsaya ta saurara, ta daɗe. Ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ko da wasa. Ta dube ni ta ce, “Tun da aka haife ki, kin taɓa jin ubanki ya faɗi sunanki? Ba shi ba ne.” Ta rufe mini kunnuwa da tafin hannunta.

Kwana biyu muryar tana kira. Baƙi suka ɗaure kayansu suka watse. Rana ta uku, shiru.

Da Kaka ya dawo, Inna ta durƙusa ta yi masa sannu, ta ce, “Ina ka baro shi?” Ya yar da sandarsa. Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba. Da aka ciro Baba, rai ya riga ya yi halinsa.

Kaka bai sake ba kowa labari ba. Kullum yana zaune bakin rijiyar, kafin a yanke gero muka rasa shi. Inna ta yi shekara talatin bayansa, ba ta ƙara kai hannunta kusa da kunnena ba, ko kitso sai maƙwabciya. Masaukin ya zube, an ce gonar wake ce yanzu, kuma har yau masu noma ba sa kai garma gefen nan.

Ni kuwa ga ni a bene hawa goma sha biyu, inda babu rijiya, ruwa daga bango yake fitowa. Ko famfo ne ya yi ƙara sai na tashi na duba. Jikokina suna dariya, wai Hajiya tana amsa kiran da ba a yi mata ba. Ku ƙyale ni in amsa. Sau ɗaya ubana ya taɓa kiran sunana.