Baba Lagireto da Motar Ƙanwata

Kullum da hantsi za ka same shi a ƙofar gidansa kan kujerar roba, yana sauraren motocin da ke wucewa. Wata ta gifta, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan fambel ɗinta ya saki." Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran lagireto, abin nan da ke sanyaya injin mota, har sunan ya bi shi. Bara ya rufe shagonsa saboda hannunsa ya fara rawa, sifana ba ta zama a ciki.

Ƙanwata ce ta sa na san darajarsa. Mijinta yana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, ita ke kai shi a tsohuwar motar mahaifinmu. Akwai wani dogon hawa a hanyar asibitin, kuma a nan allurar zafi ke miƙewa ta kai ja, injin ya hau tururi. Sau biyu suna makara layinsu ya wuce, bawan Allah ya kumbura har takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa. Ranar da na tarar da ita a gefen titi riƙe da jarkar ruwa tana kuka, raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ko taya ban iya canzawa ba.

Da muka je wa Baba, ko bonet bai ɗaga ba. Ya ce, "'Yata, kai ni inda take fushin." Ya shiga gaba, aka tafi har saman hawan. Aka kashe injin, ya jira kaɗan, sannan ya bi jikin lagireton da bayan hannunsa.

"Nan zafi, nan sanyi. Wane ruwa kike zuba mata?"

"Na rijiya, Baba."

"Shi ya toshe ta. Kuma ko an wanke, lagireto mai layi biyu ya yi wa tsohuwar motar nan kaɗan."

A tsakar gidan ƙanwata aka yi aikin. Ya sa aka samo lagireto mai layi uku, da sababbin tiyo, da fankar lantarki. Da ya ɗauki sifana, sai ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ƙanwata ta ce, "Baba, ko a kira wani?"

"Ke me ya sami naki hannun?"

Haka ya zauna yana faɗa, tana kwancewa tana ɗaurawa, yini biyu cur. "A hankali! Noti kike ɗaurewa, ba faɗa kike da maigida ba." Daga taga mijin ya ce, "Baba, bar ta ta huce a kan notin, ni na huta." Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Baba, kai ne wanda hannu ya gaza masa amma bai rufe bakinsa ba. Kai ne ka bar wa ƙanwata abin da ba zai lalace a hanya ba, don yanzu ta san kowane tiyo da inda ya nufa. Gwanin sanyaya ƙarfe, ashe har zuciya kana sanyayawa.

Wata biyar ke nan ba su rasa layi ba. Duk ranar asibiti, idan suna dawowa, ƙanwata takan rage gudu a ƙofar gidansa. Ya ɗaga kai ya ce, "Ina allura?" Ta ce, "Tsakiya, Baba!" Sai ya koma ya jingina.

Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sana'a, kada ku bar abin da kuka iya ya tsufa a hannunku, ku sa shi a hannun wani. Shekaranjiya na ga mijin ƙanwata ya fito daga motar nan da ƙafarsa, sanye da takalminsa.