Malam-buɗe-littafin Iya Dudu

Wata Laraba, a farkon damanar da na cika shekara tara, muka fita tsintar kaɗanya bayan ganuwar Birnin Gwari, ni da Iya Dudu. Baiwar kakana ce, tsohuwa mai tsagar da ba irin ta ƙasarmu ba. Ita ta goyi mahaifina, ita ta goye ni. Da ƙwaryarmu ta cika sai muka gangara kurmin bakin rafi mu sha ruwa. A gindin wani ɓaure, inda 'ya'yansa suka zube suna ruɓewa, na ga malam-buɗe-littafin da ban taɓa ganin irinsa ba. Babba ne, baƙi da ratsin shuɗi mai sheƙi kamar zanen da ya fito daga mabuga, yana shawagi ƙasa-ƙasa. Iya ta sauke kayanta ta durƙusa, ta ƙura masa ido.

"Irin na garinmu ne," in ji ta. "Can kudu, hayin babban kogi. Ina kamar ke mahara suka ɗauko ni."

Daga ranar na bar wasan carafke na shiga nemansa. In an aike ni kai abinci gona sai in bi ta fadama da mashayar shanun Fulani, amma sai ƙanana farare da rawaya nake gani. Shi ba ya barin inuwa. Sai kurmi mai duhu, shi ma da damina. Fataken da ke sauka a zaurenmu sun ce in an yi ƙasar Nufe yana ƙara yawa, in an nufi Katsina kuwa babu shi sam.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Iya, na saci jiki na je na kife ɗaya da ƙoƙo, na taho a guje. Kafin in iso fiffikensa ya yage, launin duk ya goge a yatsuna. Na fashe da kuka. Ta ɗora shi a tafin hannunta ta ce, "Uwani, kada ki ƙara raba wani abu da inda yake." Sannan ta share mini hawaye da bakin zanenta. Ba ta kai girbin dawa ba.

Yanzu an sare rabin kurmin an yi gonaki, jikokina kuma ba su san an yi Iya Dudu ba. Ni ma sai da furfura ta cika mini kai na tuna ban taɓa tambayarta sunan garinsu ba.